Ofis a Bayan Gida, Rauta a Falo: Wace Hanya Ce Ta Fi Kai Intanet Can?

Tun da annobar korona ta zaunar da mutane a gida a 2020, aiki daga gida ya samu gindin zama, kuma har yau bai tashi ba. A Ingila masu hali sun riƙa kafa ɗan ɗakin katako a ƙarshen lambunsu suna mayar da shi ofis. Mu a nan ba sai an kafa komai ba. Ga boyis kwata, ga ɗakin da ke jikin get, ga tsohon sito da za a kwashe wa tarkace a yi masa fenti a sa tebur. Malamin da ke koyarwa ta Zoom, da mai zanen gini, da hajiyar da ke sayar da atamfa da leshi ta Instagram, kowa na neman wurin da hayaniyar yara ba ta kaiwa. Sai dai inda hayaniyar ba ta kaiwa, yawanci Wi-Fi ma ba ya kaiwa.

In ka shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ka faɗi matsalarka, kowane mai shago abin da ke kan kantarsa zai ce maka shi ne magani. Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: in gidan naka ne, kuma ana iya haƙa ƙasa tsakanin ginin biyu, ka ja kebul ɗin intanet. Sauran hanyoyin duk dabaru ne na wanda jan kebul ya gagare shi. Amma masu haya suna da yawa, akwai wanda aka zuba wa tsakar gidansa kankare, ga kuma tsawar damina da ke da nata hukunci a kan wayar jan ƙarfe. Saboda haka kowace hanya tana da wanda ta dace da shi.

Abin da ke cinye siginar

Rautocin gida, wato na'urorin da ke raba intanet, suna watsa Wi-Fi a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, amma gudunsa kaɗan ne, kuma cunkoso ya yi masa yawa. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma rautocin maƙwabta duk nan suke turereniya. Na biyun yana da gudu, sai dai bango biyu sun isa su karya masa lago. Ko a fili ma, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin siginar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Gine-ginenmu kuwa ba sa raga wa Wi-Fi. In kwalin na'ura ya ce tana cika gida mai ɗaki biyar, gidan Amurka yake nufi, inda bangon ciki siririn allo ne a jikin katako. Mu bulo ne da siminti da filasta, in bene ne kuma ga dekin cike da rodi. Ginin ƙasa mai kauri ma ba kanwar lasa ba ne, balle in ya sha danshin damina. Ƙarfe ya fi komai: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, bagalarin taga. Tankin ruwan da ke tsaye tsakanin ginin biyu shi ma yana shan rabonsa, domin ruwa na shanye sigina. Wanda ofishinsa kwantena ce, babu abin da zai shiga masa daga waje sai an kai masa da waya.

Akwai kuma abin da masu sayen rauta mai ƙahoni shida ke mantawa. Ba rautar kaɗai ke magana ba, dole wayarka ko kwamfutarka ta mayar da amsa, kuma eriyarta ƙarama ce, ƙarfinta bai kai na rautar ba. Shi ya sa za ka ga sanduna uku a fuskar waya amma shafi ya ƙi buɗewa. Wayar tana jin rautar, rautar ce ba ta jin wayar.

Gwaji kafin kashe kuɗi

Ka tsaya kusa da rautar ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta abin da ka samu. Ka koma ofishin, ka zauna a inda teburin yake, ka rufe ƙofa kamar yadda za ka yi lokacin aiki, ka sake gwadawa. In a falon ma megabit 6 kake samu, babu na'urar da za ta mayar da shi 50 a bayan gida. Matsalarka ta kamfanin da ke ba ka intanet ce, ba ta Wi-Fi ba, kuma can ya kamata kuɗinka ya tafi.

Masu Android za su iya sauke ɗaya daga cikin manhajojin auna Wi-Fi da ke nuna ƙarfinsa da lambar dBm. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar ita ce mai kyau: -50 lafiya lau, -67 ita ce iyakar da masu sana'ar ke so don kiran bidiyo, -80 kuwa sunan sigina ne kawai.

Aikin ofis ba ya buƙatar gudu mai yawa yadda ake zato. Zoom da kansa megabit 3.8 na aikawa da 3 na saukewa yake nema don bidiyo mai tsabta ta 1080p. Abin da ke ɓata taro shi ne yankewa da tsalle-tsalle, muryarka ta tsaya na daƙiƙa biyu sannan ta zubo gaba ɗaya. Don haka a wannan kwatancen, hanyar da ke ba da megabit 20 ba tare da motsi ba ta fi wadda ke kai 80 yanzu ta faɗo 2 an jima.

Wani abu da muka fi mutanen Turai sauƙi a kai: yawancinmu rautar mai layin waya ce, ta MTN ko Airtel ko Glo, ba a ɗaure take da wata waya a bango ba. Ɗauke ta daga bayan talabijin ka ɗora ta a sama, jikin tagar da ke kallon ofishin. In nisan bai wuce mita 10 zuwa 15 ba kuma taga na kallon taga, wani lokaci shi ke nan, an gama. Cikas ɗin shi ne tagar da ke kallon ofis ba lallai ta zama wadda ke kallon turken sabis na kamfanin ba, sai ka gyara Wi-Fi ka ɓata 4G. Rautar 5G ta fi wannan tsirfa, domin zangon 3.5 GHz da MTN ya fara da shi a 2022 ba ya son bango ko kaɗan.

Rifita da mesh

Rifita ita ce ƴar na'urar da ake cusawa a soket, ta kama Wi-Fi ta sake watsa shi. Ita ce mafi arha, ita ce kuma aka fi saya a yi da-na-sani. Aikinta irin na tafinta ne a wurin taro: sai ta saurara ta gama ji sannan ta maimaita, don haka mai zango ɗaya tana raba gudun gida biyu tun kafin a zo maganar bango. Kuma ba a cikin ofishin ake sa ta ba, domin siginar da ta riga ta mutu za ta kama ta maimaita. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sigina ke da sauran ƙarfi. To a gidajenmu tsakiyar hanya tsakar gida ce, babu soket, ga rana ga ruwa. In duk buƙatarka WhatsApp ce da duba saƙon imel, kuma akwai kicin ko baranda mai soket a ɓangaren da ke kallon ofishin, za ta iya rufa asiri. Wanda abincinsa ke cikin kiran bidiyo kada ya dogara da ita.

Mesh, irin su Deco na TP-Link ko Nova na Tenda ko Halo na Mercusys, ya fi rifita wayo. Na'urori biyu ko uku ne da ke aiki da suna ɗaya, wayarka na sauya tsakaninsu ba tare da ka sani ba, kuma masu tsadar cikinsu suna da zango na uku da suka ware don magana da junansu, gudun ba ya rabuwa. A cikin gida ɗaya mai faɗi ko bene, mesh abin so ne. Tsakanin gini biyu kuwa, bangon nan biyu na waje suna nan ba su matsa ba, kuma duk wayon na'urar ta cikinsu za ta bi. Yana aiki in ka samu taga da taga suna kallon juna, ka ajiye ɗaya nan ɗaya can, nisan kuma bai yi yawa ba. Gilashi mai duhu da ke mayar da hasken rana yakan rage sigina fiye da farin gilashi, a lura da wannan. Abin da ke burge ni da mesh shi ne kuɗinsa ba ya faɗuwa ƙasa: ranar da ka ja kebul, sai ka haɗa na'urorin biyu da shi, su daina magana ta iska, a nan ne ma za ka ga ainihin aikinsu.

Ta cikin wayar wuta

Akwai wasu tagwayen na'urori da ake rubuta wa Powerline a kwali. Ɗaya a soket kusa da rauta, ɗaya a soket ɗin ofis, data ta bi ta cikin wayar lantarkin gidan. A takarda babu abin da ya kai shi daɗi, ba haƙa ba huda bango. A ƙasarmu kuwa kusan komai na gidan yaƙarsa yake yi. In boyis kwatar tana da mitarta daban, da wuya ya yi aikin kirki. In gidan mai layi uku ne, irin wanda ake cire fis daga wannan layi a mayar wancan in wuta ta yi ƙasa, yau soket ɗin biyu suna layi ɗaya gobe sun rabu. Sitabilaiza da ekstenshin mai kariya suna tace siginar su zubar. Inbata da janareta da injin jan ruwa da firji suna cika wayar da hayaniya. Lambobin da ke jikin kwalin, AV600 ko AV1000, ba su ne gudun da za ka gani ba, da yawa daga masu AV600 ma ramin kebul ɗinsu megabit 100 ne iyakarsa. Kada ka saya sai mai shagon ya yarda ka dawo da shi in bai yi ba.

Kebul

Kebul ɗin LAN, wato wayar da ke haɗa rauta da kwamfuta, yana ɗaukar data har mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, kuma gidaje kaɗan ne nisan falo da bayan gida ya kai haka, ko da an bi ta jikin katanga. Cat5e yana ba da gigabit 1 a wannan nisan, wato megabit 1,000. Cat6 yana ba da haka, har yana iya kai gigabit 10 in bai wuce mita 55 ba. Ga aikin gida ko wanne ya isa, amma bambancin kuɗinsu bai kai wahalar sake haƙa ba, don haka Cat6 nake ba da shawara. Bango, ruwan sama, rautar maƙwabci, babu ruwan kebul da su. Ba shi da kuɗin wata, kuma in an yi aikin da kyau zai ga bayan rautoci uku ko huɗu.

Sharaɗin farko, rautarka ta kasance tana da ramin LAN a bayanta. Manyan rautocin MTN da Airtel suna da shi, ƴar MiFi ta aljihu ba ta da shi. Masu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, su duba tasu: rautar ƙarni na biyu ba ta da ramin sai an sayi adafta daban, ta ƙarni na uku tana da guda biyu.

Wajen sayen kebul ɗin ne ake cutar mutane. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wani a rubuta CCA a kwali, wani ko rubutawa ba a yi. Yana da arha sosai, amma araha ba ta ado: yana karyewa in an lanƙwasa, yana ruɓewa in ya ji danshi, a nisa kuma gudun yana faɗuwa. Gane shi ba wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere silin waya ɗaya, ka kankare ta da reza. In fari ya bayyana a ƙasa, ajiye musu kayansu. Na gaskiya ja ne har ciki, kwalinsa mai mita 305 kuma ya fi nauyi a hannu.

Na biyu, kebul ɗin cikin ɗaki mai launin toka ko shuɗi ba na waje ba ne. Ranar Maris da Afrilu za ta busar da robarsa ta tsage, damina ta zo ta cika shi da ruwa. Na waje baƙi ne, robarsa ta fi tauri. Ko shi ma kada a binne shi tsirara, saboda gara da ɓera da fartanyar mai gyaran fulawa. A zura shi a fayif na roba mai faɗin milimita 25, a binne kamar santimita 30 zuwa 45, a liƙe mahaɗan fayif ɗin da gam. In tsakar gidan intalok ne, ana ɗaga layi ɗaya a mayar, ba wata ɓarna. In kankare ne, fayif ɗin ya bi gindin katanga a kafe shi da kilif. Tun da an riga an haƙa, a ja kebul biyu, a bar igiya a ciki don gaba. Na biyun zai yi amfani ranar da na farko ya samu matsala, ko ranar da aka so sa kyamarar tsaro.

Abu ɗaya da mai haɗa wuta zai so ya yi don sauƙi, kada ka bari: zura kebul ɗin cikin fayif ɗaya da wayar lantarki. Haɗari ne, kuma yana ɓata data. A ba su tazara, in dole su haɗu to su gitta juna, kada su jera. Haka kuma inda kebul zai shiga bango, a bar shi ya ɗan sauko ƙasa sannan ya hau ya shiga ramin, don ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje.

A ofishin, kebul ɗin zai iya shiga kwamfuta kai tsaye. Amma waya ma na son Wi-Fi, don haka sai a sa ƙaramar rauta a can a juya ta zuwa yanayin da ake rubutawa Access Point a cikin saitinta. In ba ta da wannan zaɓin, a kashe DHCP ɗinta, a sa kebul ɗin a ramin LAN ba na WAN ba. In aka bar ta a matsayin cikakkiyar rauta, intanet zai zo, amma gidan ya rabu biyu, kwamfutar ofis ba za ta ga firintar falo ba. A ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta cikin gida, waya ta riƙa sauyawa da kanta. A kuma duba ramukanta kafin saye: masu arha irin TL-WR840N megabit 100 ne kuma 2.4 GHz kaɗai suke yi, irin Archer C6 kuwa suna da gigabit da zango biyu. Wanda intanet ɗinsa bai wuce megabit 30 ba, ta farkon ma ta ishe shi.

Kebul yana da wata fa'ida da ta fi mana amfani fiye da ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Ana iya tura lantarki ta cikinsa, abin da ake kira PoE. Mafi ƙanƙantar ƙa'idarsa, 802.3af, tana ba da wat 15.4, wanda ya ishi yawancin na'urorin raba Wi-Fi da aka yi don haka. Ma'ana, in inbata ko sola a babban gida suke, boyis kwata kuma sai an kawo wuta, na'urar ofis za ta ci daga batirin gidan ta wannan kebul ɗin, kwamfutar cinya ta ci gaba da aiki da nata batirin. A nan ne kebul ɗin alminiyam ya fi tona asirin kansa, domin yana zafi yana zubar da wutar a hanya.

Tsawa, da dalilin da zai sa ka zaɓi faiba

Wayar jan ƙarfe da ta haɗa gini biyu hanya ce ga tsawa. Ba sai ta faɗo a kan gidan ba, in ta sauka a kusa ma tana iya cusa wuta a cikin wayar, ta ƙona ramin rauta, wani lokaci har da abin da ke haɗe da ita. Wanda aka rataya a sama daga rufi zuwa rufi ya fi shiga wannan haɗarin, wanda aka binne ya fi tsira, amma ba gaba ɗaya ba. Akwai ƴan na'urorin kariya da ake sawa a bakin kebul ɗin ta kowane gefe, sai dai aikinsu shi ne su karkatar da wutar zuwa ƙasa. In gidan ba shi da sandar jan ƙarfen da aka kafa a ƙasa aka haɗa da waya, kuma gidaje da yawa ba su da ita, na'urar ado ce kawai.

Faiba zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki ba lantarki ba, don haka tsawa ba ta da abin kamawa. Ana sayar da shi an riga an haɗa masa kawuna, mita 50 ko 100 ko fiye, sai ka sayi ƴan akwatuna biyu masu juya LAN zuwa haske, ɗaya a kowane gefe. Iyakar mita 100 ba ta shafe shi ba, yana tafiya ɗaruruwan mitoci, wani nau'in ma kilomitoci. Kuɗinsa ya fi na kebul amma ba yadda ake tsoro ba. Raunin sa: ba ya son lanƙwasa mai tsanani, kawunansa ba sa son ƙura, in ya tsinke sai mai injin haɗawa, kuma ba ya ɗaukar wuta, dole kowane gefe ya samu tasa. Ga gidan cikin gari mai tazarar mita 20, kewaye da gine-gine, kebul da aka binne ya wadatar. Ga gidan gona, ko makaranta mai faɗin fili, ko gidan da tsawa ta taɓa ƙona wa talabijin, faiba zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Wanda ba zai iya haƙa ba

Mai haya, ko wanda ofishinsa ke tsallaken layi, yana da mafita biyu masu kyau.

Ta farko, na'urar Wi-Fi ta waje, irin EAP225-Outdoor, a kafa ta a bangon babban gida ta waje tana kallon ofishin, ɗan gajeren kebul ya shiga ta taga zuwa rauta. An cire bango ɗaya daga lissafi ke nan, saura na ofishin kawai, kuma tsakar gida duka ta samu Wi-Fi, masu shan iska da daddare su gode maka. In ofishin yana da taga ta wannan ɓangaren, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Ta biyu, gada ta iska: na'urori biyu masu harba sigina saiti guda, ɗaya a jikin gida ɗaya a jikin ofis, suna kallon juna. CPE510 na TP-Link da NanoStation na Ubiquiti su ne aka fi gani. An yi su ne don nisan kilomitoci, don haka a tazarar mita 40 sai an rage musu ƙarfi a saiti, in ba haka ba su toshe wa juna kunne. Ramin CPE510 megabit 100 ne, wanda ya ishi yawancinmu. Mai son gigabit akwai Wireless Wire na MikroTik, yana aiki a 60 GHz har mita 200, kuma a haɗe suke zuwa daga kamfani. Sharaɗinsu ɗaya ne, su ga juna ido da ido. Mangwaro ko darbejiya a tsakani matsala ce, kuma hanyar da ke buɗe da rani ganye na iya rufe ta da damina. A kafa su ƙarƙashin bakin rufi, ba a kan dogon ƙarfe sama da gida ba. A yi amfani da adaftar wutar da ta zo da su, domin da yawansu bolt 24 suke ci, na'urorin PoE na ƙa'ida kuwa 48, haɗa su barkatai na iya ƙona kaya. Kuma ko da gadar, sai an sa ƙaramar rauta a cikin ofishin, don haka na'urori uku ne sababbi da kowacce ke neman wuta. In wa'adin haya ya ƙare, ka kwance kayanka ka tafi da su.

Ko kuwa layi na biyu kawai?

Wani lokaci duk wannan dogon zance ne. Ka sayi wata rauta mai layi, ko MiFi, ka ajiye a ofis. Babu haƙa, babu saiti, kuma yaran da ke kallon YouTube a falo ba za su cinye maka data ana tsakiyar taro ba. In layin na wani kamfani ne daban da na cikin gida, ranar da masu aikin titi suka tsinke wa ɗaya faiba, ɗayan na nan. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga mai aikin da ba ya jira.

Tsadarsa ba ranar saye take ba, duk wata take zuwa, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, biyan kuɗin intanet biyu ba wasa ba ne. Lissafin ya danganta da abin da ke cikin gidan. In data ƙidayayya kuke saye, raba ta gida biyu ba ya ƙara kuɗi sosai, layi na biyu ya yi daidai. In kuwa Starlink ne ko faiba ko wani tsari marar iyaka da ka riga ka biya, sayen wata data a bayan gida asara ce, kuɗin ƴan watanni zai biya kebul da fayif da leburan haƙa. A kuma gwada sabis ɗin kamfanin a cikin ofishin da waya tukuna, domin boyis kwata da ke maƙale tsakanin katanga da babban gida takan zama inda sabis ya fi rauni a duk gidan.

In ofishin yana karɓar baƙi ko abokan ciniki, ko wace hanya ka bi, ka buɗe musu Wi-Fi na baƙi daban, yawancin rautoci suna da shi. Kalmar sirrin gida in ta fita get, ba ta dawowa.

Wanda ke kan gini yanzu, ya sa birkila ya binne fayif tsakanin ginin biyu kafin a yi daɓe, ko da babu kebul a ciki. Wanda kuma ya kira mai aiki ya ja masa kebul, kada a mayar da ƙasa kuma kada ya cika kuɗin aiki sai an gwada. Siloli takwas ne a cikin kebul ɗin, gigabit yana buƙatar dukkansu, megabit 100 kuwa huɗu kawai yake amfani da su. Don haka kan kebul ɗin da aka matse ba daidai ba zai iya kawo intanet lafiya lau, mai aikin ya nuna maka YouTube na tafiya ya karɓi kuɗinsa, alhali kashi ɗaya cikin goma na kebul ɗin kake samu. Ka ce ya sa abin gwajinsa ka ga fitilu takwas sun kama a jere, daga 1 zuwa 8. In rautar da kwamfutar duk masu gigabit ne, ka buɗe saitin sadarwa a kwamfutar ka ga an rubuta 1000, sannan a rufe ramin.